Yadda Mai Bi Zai Yi Ɗamara Domin Girma da Cin Nasara Kan Zunubi a Legas

Yawancinmu da muka baro Arewa muka zo Legas neman abinci, mun zo ne da takardar shaida daga faston gida da Littafi Mai Tsarki a ƙasan jaka, muna kuma ɗaukan kanmu tsayayyu cikin bangaskiya. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, rabin tsayuwar da muke yi a gida ba tamu ba ce, ta idon jama'a ce. A Zonkwa ko Biliri ko Zuru ko Garkida, idan saurayi ya tsaya a ƙofar gidan burkutu, kafin ya kai gida labari ya riga shi isa kunnen mahaifiyarsa, ranar Lahadi kuma dattawan ikilisiya suna jiransa bayan an tashi sujada. A Legas kuwa mutum yakan sauka daga mota a Oshodi ya ratsa dubban jama'a, babu ko ɗaya da ya san sunan ubansa. Kunya abu ce mai kyau, amma ba ta cika haye Kwara tare da mutum ba, kuma ranar da ta tsaya a baya ne mai bi yake gane ko tsoron Allah ne yake riƙe da shi dā, ko tsoron bakin mutane.

Wanda ya riga ya gane haka a kansa, ya kuma gaji da faɗuwa a rami guda, ya fara da buɗe wasiƙar Afisawa sura 6, daga aya 10 zuwa 18. Manzo Bulus yana ɗaure sa'ad da ya rubuta ta, ya kuma lissafta kayan yaƙin mai bi: gaskiya a matsayin ɗamara, adalci a matsayin sulke, shirin kai bisharar salama a matsayin takalmi, sai garkuwar bangaskiya, da kwalkwalin ceto, da takobin Ruhu wanda shi ne Maganar Allah, ya rufe da addu'a a kowane lokaci. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Zariya ko Katsina ya ga 'yan sulke da 'yan lifidi, ya kuma san cewa babu mahayin da yake jira dawakai su fara sukuwa sannan ya nemi kwalkwalinsa. Tun a gida ake ɗaura kaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abu biyu kuma ya kamata a riƙe daga wannan nassi kafin a ci gaba. Makaman na Allah ne, ba mu muka ƙera su ba, shi ya sa Romawa 6:14 ta ce zunubi ba zai mallake mu ba tun da yake muna ƙarƙashin alheri. Mai bi ba ya yaƙi domin Allah ya karɓe shi, yana yaƙi ne domin an riga an karɓe shi cikin Almasihu. Na biyu, Bulus da “ku” ya yi magana, ba da “ka” ba, wato runduna yake wa umarni.

Ka kira zunubin da sunansa, ka bi sawunsa

Aiki na farko shi ne mutum ya daina addu'ar nan ta dunƙule, wadda ake cewa Ubangiji ya gafarta mana zunubanmu na sani da na rashin sani, alhali mai addu'ar ya san sarai abin da ya yi daren jiya. Ka sami takarda da biro, ka rubuta sunan abin: caca ce, ko giya, ko ƙwaya, ko kallon batsa a waya, ko farka alhali ka bar iyali a ƙauye, ko taɓa kuɗin maigida, ko fushi, ko gulma. Bayan haka ka tuna sau uku na ƙarshe da ka faɗi, ka rubuta ranar, da lokacin, da wurin, da wanda kuke tare, da halin da zuciyarka take ciki kafin abin ya faru.

Ni kaina ba daga littafi na koyi wannan ba. A shekarata ta uku a Legas ina rubuta wa wani dillali lissafin kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12, sai na faɗa cacar ƙwallo. Da 'yan canji na fara, a wani shago da ke daidai tashar da nake sauka, kafin damina ta wuce kuwa na cinye kuɗin hayar ɗaki da na yi wata bakwai ina tarawa, ga shi a nan shekara guda ake biya gaba ɗaya. Na yi azumi, na je addu'ar dare, na yi wa Allah alkawari da hawaye, Asabar na zagayowa sai in tsinci kaina da takardar caca a aljihu. Daga ƙarshe na je wurin wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon soja ne da ya yi ritaya bai koma gida ba. Na durƙusa na ce, “Baba, na zo ne ku yi mini addu'a, Shaiɗan ya sa ni a gaba.” Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Ɗana, addu'a kam za mu yi. Amma faɗa mini, shi Shaiɗan ɗin nan, a wace tasha yake jiranka, kuma da ƙarfe nawa?” Na ji haushin tambayar, amma da muka zauna muka bi sawu sai ga shi a fili: kullum ranar Asabar ce da yamma, bayan an sallame mu da kuɗi a hannu, ina gajiye, kuma babu kowa a ɗaki da yake jirana.

Abin da Yakubu ya bayyana ke nan a wasiƙarsa, sura 1, aya 14 da 15, inda ya kwatanta muguwar sha'awa da mai ciki: takan ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya girma ya haifi mutuwa. Ciki ba ya zama haihuwa a rana ɗaya. Labarin Dawuda da Bat-sheba a 2 Sama'ila 11 ma bai fara daga kan soro ba, ya fara ne daga aya ta farko, inda aka ce lokacin da sarakuna sukan fita yaƙi ne, amma Dawuda ya zauna a Urushalima. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar kowa daban ce. Ta maigadin da yake kwana shi kaɗai a ƙofar wani gida a Lekki, da waya cike da data da dogon dare a gabansa, ba irin ta direban babbar mota ba ce da yake kwanaki a layi a Apapa yana jiran lodi, ba kuma irin ta yarinyar da take aikin gida ba ce, wadda uwar ɗakinta take aikenta kasuwa ba ta ƙirga canji.

Da zarar ka ga hanyar, sai ka datse ta tun daga nesa, a wurin da kake da sauran ƙarfi. Yesu ya yi magana mai zafi a Matiyu 5:29 da 30 a kan cire ido da yanke hannu, ba domin mu raunata jikinmu ba, sai domin mu san cewa rabuwa da zunubi takan ci wa mutum wani abu da yake so. Ni abin da ta ci mini shi ne tafiyar minti ashirin a ƙasa kowace Asabar, gama na koma sauka a tashar da ke gaba, kuɗin mako kuma a hannun Baba suke kwana. Wani lambar waya zai goge ya kuma toshe ta. Wani zai tura wa iyali kuɗinsu a ranar da albashi ya shigo, kafin ya bar wurin mai POS. Wani zai daina kwana da waya a gefen filo, wani kuwa sai ya sauya ɗaki ɗungurungum, domin abokan kwanansa su ne tsagar. Kada kowa ya ce wannan rashin bangaskiya ne. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya yin muhawara ba, rigarsa ya bari ya gudu, kuma Nassi bai kira shi matsoraci ba.

Sai dai datsewa kaɗai ba ta isa ba. A Matiyu 12:43 zuwa 45 Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka gyara aka bar shi babu kowa, mugun ruhun ya komo da waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Dubi yadda Bulus ya bi da ɓarawo a Afisawa 4:28: bai tsaya a kan ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa domin ya sami abin da zai ba mabukaci. Hannun da ya saba ɗauka sai an koya masa bayarwa. Saboda haka lokacin da zunubi yake ci a dā, ka ba shi wani aiki takamaimai. Yammacin Asabar ɗina ya koma na koyon waƙa da ƙungiyar mawaƙa, ko da yake har yau ba a taɓa ba ni baiti in rera ni kaɗai ba, kuma na san dalili.

Maganar Allah da addu'a a garin da ba ya jira

Kukan kowa a Legas shi ne babu lokaci, kuma ba ƙarya ba ne. Wanda yake zaune a Ikorodu ko Agbado yana aiki a Ikoyi yakan fita tun duhu, ya komo bayan yara sun yi barci. Amma wannan cunkoson da yake cinye mana sa'o'i a kan gadar Third Mainland ko hanyar Ikorodu, shi ne kuma lokacin da babu mai iya ƙwace mana. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya, na karantawa da na saurare, wanda karatu yake yi wa wuya ma ba shi da hujja. Mai son na takarda kuwa, hedikwatar Bible Society of Nigeria tana kan titin Wharf a Apapa, shagunan littattafan ikilisiyoyi ma sukan kawo. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha, abin kunya ne a ce kakanninmu sun karanta shi da fitilar aci-balbal, mu kuwa muna da shi a aljihu ba ma buɗewa.

Ga tsari mai sauƙi. Sabon Alkawari sura 260 ne, idan ka karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, za ka gama shi cikin shekara guda cif, ka kuma sami kwana biyu a kowane mako na cike gurbin ranar da ta kuɓuce maka. Sabon shiga ya fara da Markus, sura 16 ce kawai kuma labarinta yana tafiya da sauri. Bayan karatu ka tambayi kanka abin da wurin ya nuna game da Allah, da abin da yake bukata ka yi kafin rana ta faɗi, ka tsaya a nan, kada ka mai da shi jarrabawa.

Karatu na ciyarwa ne, haddacewa kuwa ita ce ɗaukar takobi, kuma a nan ne yawancinmu muke sakaci. Sa'ad da Iblis ya gwada Yesu a jeji, amsoshi ukun da ya bayar duka daga Maimaitawar Shari'a suka fito, biyu daga sura 6, ɗaya daga sura 8, kuma kowace ta dace da gwajin da aka kawo. Bai buɗe littafi yana nema ba, suna bakinsa. Kai ma ka zaɓi ayoyi biyu ko uku da suka nufi zunubin da ka rubuta a takardar nan. Mai fama da son kuɗi ya riƙe Ibraniyawa 13:5 da 1 Timoti 6:9 da 10. Mai fama da fasikanci ya riƙe 1 Korantiyawa 6:18 zuwa 20. Mai saurin fushi, wanda kwandasta yakan tayar wa hankali saboda canji, ya riƙe Yakubu 1:19 da 20. Ɗan kasuwar da yake jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ya riƙe Karin Magana 11:1, wadda ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Kowa kuma ya haddace 1 Korantiyawa 10:13, inda aka yi alkawari cewa Allah ba zai bari a gwada mu fiye da ƙarfinmu ba, zai kuma buɗe mafita. Ka faɗe su da baki, da harshen da kake mafarki da shi, domin ayar da ka haddace da Turancin da ba ya ratsa ka ba za ta zo maka da ƙarfe biyun dare ba.

Game da addu'a, Legas gari ne na tarurrukan dare da manyan sansanonin addu'a a kan hanyar Ibadan, ban kuma raina su ba. Amma mutumin da yake kwana yana addu'a sau ɗaya a wata, sauran kwanakin kuma ko gaisuwa ba ya yi wa Ubangiji, yana kama da wanda ya ci tuwon wata guda a zama ɗaya. Minti goma na kowace safiya sun fi amfani. Wanda yake zaune a Agege ko Idi-Araba ba ya ma bukatar agogo, kiran sallar asuba zai tashe shi, idan kuwa maƙwabcinsa Musulmi ya iya barin shimfiɗa a wannan lokaci kowace rana, shi ma zai iya. Markus 1:35 ta nuna Yesu kansa yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. A cikin addu'ar ka ambaci sa'ar da ka san jaraba tana jiranka a ranar, ka roƙi taimakon Ruhu Mai Tsarki a kanta musamman, gama Romawa 8:13 ta ce ta wurin Ruhu ne ake kashe ayyukan jiki, ba ta wurin cije baki ba.

Mutum ɗaya da ya san gaskiyarka

Wannan shi ne mataki mafi wuya a gare mu, domin an rene mu da cewa namiji ba ya fallasa cikinsa. Amma Yakubu 5:16 ta ce mu hurta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba a ce ka tashi a gaban taro ka tona kanka ba. Mutum ɗaya ya isa, amma a zaɓe shi da hankali: namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, ya zama wanda ya girme ka cikin bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin sirrin wani a bakinsa ba, wanda kuma ba ya jin nauyinka har ya kasa tsawata maka. Kada ya zama mai fama da irin ciwonka a halin yanzu, domin makaho ba ya yi wa makaho jagora. Ku sa rana guda a mako, ko ta waya ce, ka kuma ba shi izini ya yi maka tambaya kai tsaye. 'Yan'uwa mata suna da gata a nan, gama Zumuntar Mata ta riga ta haɗa su da iyaye mata masu hankali, sai dai a kula kada roƙon addu'a ya rikiɗe ya zama gulma mai sanye da ɗankwalin zumunta.

Wannan duka yana bukatar ikilisiya guda da aka san ka a cikinta. Yawon coci-coci, yau nan gobe can, hanya ce ta ci gaba da zama baƙo, baƙo kuwa babu mai tambayarsa inda ya kwana. Ikilisiyoyin da muka taso a cikinsu, irin su ECWA da COCIN da EYN, suna da rassa a Legas, wurare da dama kuma ana sujada da Hausa. Ka kai takardarka, a rubuta sunanka, ka shiga ƙungiya ɗaya, ka riƙa cin Jibin Ubangiji tare da 'yan'uwa.

Ranar da ka sāke faɗuwa

Mai yiwuwa ne ka sāke faɗuwa, kuma abin da ka yi a sa'o'in da suka biyo baya ya fi faɗuwar kanta nauyi. Dabarar Mugun ita ce ya ce maka tun da ka riga ka jiƙe, sai ka ƙarasa wanka, ka kuma ƙaurace wa sujada har sai ka gyaru. Kada ka ba shi ko kwana ɗaya. A ranar ka hurta wa Allah abin da sunansa, ka dogara ga 1 Yahaya 1:9, wadda ta ce shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta ya tsarkake. Idan bakinka ya rasa kalmomi, ka ari na Dawuda a Zabura 51. A ranar kuma ka kira mutumin nan naka, sannan ku koma kan takarda ku ga ta inda ruwa ya shigo. Bitrus da Yahuza duka sun ci amanar Ubangijinsu a dare guda, duka kuma sun yi baƙin ciki, amma Bitrus ya koma cikin 'yan'uwa har Yesu ya maido shi a bakin teku, Yahuza kuwa ya tafi shi kaɗai.

Inda zunubin ya taɓa haƙƙin wani, tuba ba ta cika sai an mayar. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Idan ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je ka faɗi gaskiya, ku yanka abin da za ka riƙa bayarwa a wata. Wanda kuma giya ko ƙwaya irin su tiramadol suka riga suka kama jikinsa, har hannu yana rawa idan bai sha ba, ya sani cewa dainawa farat ɗaya ba tare da likita ba tana iya zama haɗari. Ya haɗa addu'a da asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba yana kula da masu irin wannan matsala, kuma dattijon kirki zai raka shi, ba zai yi masa dariya ba.

Game da auna girma, kada ka auna da yadda jikinka ya yi yarr a lokacin waƙa. Ma'aunin yana Galatiyawa 5:22 da 23: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Waɗannan kuwa ba mai su ne yake fara ganinsu ba, na kusa da shi ne. Bayan wata shida ka tambayi matarka, ko abokin ɗakinka, ko yaron shagonka, ko sun ga wani canji, ka kuma yi shiru ka saurari amsar ba tare da kare kai ba. Ni da na yi wa Baba wannan tambaya bayan shekara guda, bai ce mini komai ba, sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohon gwangwanin madara da yake ajiye mini kuɗin mako a ciki, ya ƙirga su a gabana, ya ce daga wannan Asabar ni zan riƙa riƙe abina, amma kiran wayar da muka saba yi da shi ƙarfe shida na yamma yana nan yadda yake.